Zanen Hular da Baba Ya Gano a Falona

Babana mai zanen hula ne a garin Katagum. Ba ɗinki yake yi ba, kada a haɗa, don shi kansa ba ya son a haɗa. Shi ne yake shimfiɗa farin ƙyalle a kan katako, ya ɗauki biro ya fitar da fasalin da mata za su bi da zare da allura har hula ta tashi. Kakanninmu daga Borno suka zo da sana'ar, kuma duk matar da ta taɓa ɗinka hula a unguwarmu, layin Baba ta bi. Mutum ne mai tsare girmansa har abin ya yi yawa. Bai taɓa cin ko gyaɗa a kasuwa ba. Talabijin kuwa akwatin zaman banza yake ce mata. In ya shigo gida ya tarar muna kallo, gyaran murya ɗaya zai yi, kowa ya tuna yana da aikin yi.

Sai yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Shekara uku bai ja layi ko ɗaya ba. Matan suka koma wajen samarin masu zane, shi kuma ya koma zaman ƙofar gida, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce hutawa yake yi, ya gaji da aikin ne. Ni na san ba hutu ba ne. Na taɓa leƙa shi yana shafa wata tsohuwar hula da yatsa, yana bin zaren a hankali, da ya ji motsina sai ya tura ta ƙarƙashin tabarma.

Da ƙyar muka shawo kansa ya zo Azare aka yi masa aiki a idon dama. Likita ya ce na hagun sai daga baya. Aka ba shi baƙin tabarau, aka ce ya zauna kusa na kwana goma saboda a riƙa duba shi. Kusa kuwa gidana ne, gidan surukinsa, abin da Baba ya ƙi jini a rayuwarsa.

Maigidana malamin kimiyya ne a sakandare, mutum mai sanyi, kuma kunyar Baba yake ji kamar jiya aka ɗaura mana aure. Tun ranar da Baba ya sauka, Malam ya zama baƙo a gidansa. Da safe ya tsuguna daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, su gaisa kowa yana kallon wani wuri daban, sannan ya sulale. Abinci ma a wajen abokinsa yake ci. In akwai magana tsakaninsu, ni ce waya. Baba ya ce, "Gaya wa maigidanki an gode." Malam yana tsaye a tsakar gida yana ji, amma sai na juya na maimaita masa.

Malam yana da wata cuta guda ɗaya da na kasa yi mata magani. Akwai wani tsohon fim na Turawa, wanda ya girme ni, na wasu mutane da suka shiga jirgi suka yi ta tafiya tsakanin taurari, har suka sauka a wata duniya da ba kowa, suka tarar da wata ƙatuwar ƙofa a rufe. Ya kalle shi ba adadi. Ni kuwa na tsani fim ɗin. Ba waƙa, ba soyayya, ba ko faɗa na kirki, mutum sai ya yi minti biyar yana tafiya a hankali kafin ya ce uffan. Faifan kullum yana cikin na'ura, kamar can aka haife shi.

Rana ta huɗu, da hantsi, aka kawo wuta. Baba yana zaune a falo saboda ɗakin ciki ya yi zafi. Na ce bari in sa masa faifan wa'azi ya saurara. Ina kunna na'urar na ji ƙaurin miya, na ruga kicin ban tsaya na canza faifan ba. Sai da nake juya tukunya na jiyo kiɗan fim ɗin Malam mai kama da kukan sauro. Na tsaya ina jiran gyaran murya. Shiru.

Da na dawo, Baba ya bar tabarma. Ya ɗage tabarau zuwa goshi, ya rufe idon hagu da tafin hannu, hancinsa saura kaɗan ya taɓa gilashin talabijin.

Na ce, "Baba, yi haƙuri, kuskure ne, bari in kashe."

Ya ce, "Bar shi. Ana iya mayar da shi baya?"

Na mayar. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Da aka zo inda mutanen suka tsaya gaban ƙofar nan, ya ɗaga hannu ya ce in tsayar.

A jikin ƙofar akwai wani tambari. Kusurwa uku ce babba, a cikinta da'ira, a tsakiyar da'irar ɗigo ɗaya. Layi shida suna fita daga da'irar, sannan an kewaye duka da wani zobe mai kama da maciji ya kama jelarsa. Na sha ganinsa a bayan Malam ina wucewa, ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

Baba ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aiki. Amma ya yi kuskure. Shida ba za ta raba jikin hula daidai ba, sai takwas." Ya miƙo hannu ba tare da ya juyo ba. "Ba ni takarda."

Abin da ya fi kusa na ɗauko, littafin da Malam yake shirya darasi. Da farko biron ya zame wa Baba sau biyu. Daga nan sai hannun ya tuna. Ya ja da'ira bugu ɗaya, ta fito cif, kamar da bakin kofi aka yi ta. Ya lanƙwasa macijin ya zama sarƙa, ya ƙara layi biyu, ya jera tambarin sau takwas a tsawon shafi. Na koma kicin na yi kukana son raina, miyar dama ta riga ta tafi.

A kwanakin da suka rage, sau uku Baba ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, duk da hantsi, Malam yana makaranta. Ni ce mai fassara, shi ne mai sharhi. Ya tambaye ni ina alƙiblarsu a can sama, na ce ba na jin suna salla, ya ce ai ga alama nan. Ya ce kwana nawa suna tafiya ba wanda ya ɗora tukunya. Da shugaban jirgin ya yi wa mutanensa tsawa, Baba ya ce wannan ba zai yi mai unguwa ba. Ranar da zai koma gida ya kira ni gefe ya ce, "Wannan magana ta tsaya tsakanina da ke. Ko maigidanki kada ya ji."

Malam kuwa tuni ya sani. Baba ya yage shafinsa, amma sawun zanen ya fito raɗau a shafi uku na ƙasa. Ya buɗe littafin, ya duba, ya dube ni, ya ce, "Baba yana danna biro da ƙarfi."

Wata biyu ba su cika ba hular ta kama gari. Mai unguwa ya sa, liman ya sa, 'yan kasuwa daga Gamawa da Giade suka riƙa aiko da ƙyalle. Matan da suka gudu suka dawo suna layi a zaure. In an tambayi Baba ina ya samo wannan sabon zane, sai ya ce, "Allah ne ya kawo." Gaskiya ya faɗa, sai dai bai faɗi ta hanyar da aka kawo ba. Mutane suka cike gurbin da kansu, aka ce a mafarki aka nuna masa. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Har ƙiba ya yi a wannan lokacin.

Ina da wani yaya, ɗan baffana, mai shagon kayan waya a Azare. Shi Allah ya yi shi da gano abin da aka ɓoye. Ya taɓa gano alamar matsafa a murfin kwalbar lemo, ya gano wata a ƙasan takalmin roba, ya hana matarsa wani sabulu saboda tauraron da ke jikin kwalinsa. Wata rana da azahar ya faɗo gidana ba hula, kansa yana ƙyalli, ya miƙo mini waya.

Wani bidiyo ne, wani mai murya ƙasa-ƙasa yana bayanin asirin da aka binne a cikin tsofaffin finafinan Turawa. Sai ga ƙofar nan an tsayar da ita, an zagaye tambarin da jan layi. Mai bayanin ya ce kusurwa ukun dala ce ta matsafan zamanin Fir'auna. Da'irar da ɗigon idon Dujal ne. Macijin tambarin ƙungiyar asiri ne mai juya duniya. Layi shida kuwa, ya ce wannan ba sai ya faɗa ba, masu hankali sun gane.

Na ce, "To ai na Baba takwas ne."

Yaya ya ce, "Wannan ya fi muni. Ɓoyewa aka yi."

Na ce, "Yaya, wata uku kana yawo da hular nan a ka. Me ya same ka?"

Ya ce tun da ya fara sa ta ciniki ya ja baya, kuma yana yawan ciwon kai. Na ce ciwon kan ai hular ce ta yi masa kaɗan, kowa ya gani. Na roƙe shi don Allah kada ya tura wa kowa. Ya sunkuyar da kai. Ashe tun safe ya tura zauren waya na dangi, da na unguwa, da na 'yan kasuwa, wai don ya sauke nauyi.

Da Malam ya dawo na tare shi da masifa, kamar shi ya yi fim ɗin. Na ce ya faɗa mini gaskiya, tsafi ne ko ba tsafi ba ne. Ya ce shi a abin da ya karanta, masu shirya irin waɗannan finafinai sukan buɗe tsofaffin littattafan bokayen ƙasarsu, irin masu neman mayar da dalma zinariya, su tsinci alama nan su tsinci wata can, su haɗa don ƙofa ta yi kwarjini. Ya ce wataƙila akwai wanda ya nufi wani abu da ita, wataƙila kuma mai zanen yunwa yake ji yana sauri ya tashi. Na ce wannan amsar malaman makaranta ce, ba ta kashe wuta.

Wutar kuwa ta ci. Cikin mako ɗaya ba ka ganin hular a kan kowa. Mata suka riƙa aiko da ƙyallaye, wasu an yi rabi, wasu an warware zaren gaba ɗaya. Wata ta ce tun da ta fara ɗinkin kajinta suke mutuwa. Sai wani mai dogon nazari ya tuna cewa Baba ya tafi Azare ba ya gani, ya dawo yana gani da ido ɗaya, da zane mai ido ɗaya. Wannan ta fi kowace tafiya. A masallaci aka fara barin ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi, a sahun da ya shekara arba'in yana tsayawa. Wannan ne ya ƙona mini rai fiye da komai.

Na hau mota na tafi Katagum. Na same shi a ɗaki, ƙyallayen da aka dawo da su a jibge a gefe.

Na ce, "Baba, magana ɗaya ce. Ka ce musu a fim ka gani, ya ba ka sha'awa, ka gyara. Shi ke nan."

Ya ce, "In tsaya gaban mutane, da furfurata, in ce na zauna a falon surukina ina kallon fim?"

"To gara a ce kai matsafi ne?"

Ya ce, "Waccan ƙarya ce, za su gaji su bari. Wannan kuwa gaskiya ce."

Na ce to ni zan faɗa. Ya ce in na faɗa kada in ƙara taka masa gida. Na san halinsa, na ja bakina, na fita ina huci.

Mai unguwa ya ga abin yana neman wuce gona da iri, ya ce a zauna ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan Baba, a ji ta bakinsa. Na kwana biyu a garin ina jira. Ranar, aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zauna, Yaya ya zo da wayarsa a cike da caji. Ni ina cikin zaure, bayan ƙyaure, ina leƙe ta tsagar katako. Ana cikin gaisawa sai na ga Malam ya sauka daga babur. Ban san zai zo ba. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna can ƙarshen tabarma, inda inuwa ba ta kai ba.

Aka kunna bidiyon, kowa ya gani. Mai unguwa ya ɗora hular kusa da wayar, ya dubi Baba ya ce, "Ba zargi muke yi ba. A ina ka samo zanen nan?"

Baba ya sunkuya yana kallon yatsun ƙafarsa.

Sai na ji muryar maigidana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Laifina ne. Fim ɗin nawa ne, yana gidana. Ni na kwafo zanen a takarda, na ba iyalina ta kai wa Baba, don na ga zai yi kyau a hula. Shi bai san daga ina ya fito ba. Bi kawai ya yi."

Wallahi a bayan ƙyauren nan na ji son mutumin nan ya kama ni kamar sabo. Mutumin da iyayen yara suke damƙa wa 'ya'yansu, ya zo ya ɗauki sunan mai yaɗa alamar Dujal ya ɗora a kansa, don dai tsoho ya tsira da girmansa. Wurin ya ɗauki guna-guni irin na an samu sauƙi. Dama kowa ya fi son laifin ya zama na ɗan boko. Mai unguwa ya gyara zama zai yi masa nasiha a tashi. Baba ya fita fes, ba abin da ya rage masa sai ya yi shiru na minti biyu.

Sai Baba ya ɗago kai ya ce, "Bi na yi?"

Ya juya ya dubi surukinsa ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da aka kai ni gidan miji. Ya zaro biro daga aljihu, ya jawo wani farin ƙyalle, ya tura gabansa.

"Malam, matso. Zana mana yadda ka zana wancan."

Malam ya matso da gwiwa. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya ja kusurwa uku, ta karkace. Ya ja da'ira, ta fito kamar ƙosan da aka zauna a kai. Macijin kuwa bai ma kai ga jelarsa ba, ƙyallen ya ƙare. Baba ya karɓa, ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya juya shi dama da hagu don kowa ya ƙoshi.

Ya ce, "Wannan ne zai ba ni zane in bi?"

Ya ajiye. Ya ce, "Yaron kirki ne, amma ƙarya yake yi. Ni na gani. A falonsa, ba ya nan. Na kalli fim ɗin sau uku, har ƙarshe. Shekara uku ban ga layi ba. Ranar da idon nan ya washe, abu na farko da na gani tsaf, da gefensa da tsakiyarsa, shi ne wannan. Da gindin tukunya na fara gani, da shi zan zana. Ban san Fir'auna ba, ban san ƙungiya ba. Nasu shida ne, ba ya zama a hula. Ni na mai da shi takwas, ni na mai da macijin sarƙa. Zanen nawa ne."

Sai mai unguwa ya ce a hankali, "Sau uku?" Ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suka fara rawa. Daga nan wurin ya ɓarke. Dattawan da Baba ya shekara da shekaru yana yi wa jikokinsu gyaran murya suka yi dariya har da hawaye. Wani ya tambaya ko an buɗe ƙofar daga ƙarshe. Yaya yana ta ƙoƙarin cewa ai duk da haka alamar tana nan, ba mai sauraronsa. Baba ya zauna a miƙe, fuska a ɗaure, ya sha dariyar nan tas, bai kau da kai ba. Ni na san abin da take ci masa a ciki, kuma na ji tausayinsa.

Da aka watse ya shigo zaure ya same ni. Haushi da tausayi suka haɗu suka sa na kasa riƙe bakina. Na ce, "Baba, kwana biyu ina roƙonka ka ƙi. An zo an fitar da kai ba ko ƙwarzane, kuma ka tona da kanka."

Ya zauna a bakin dakali, ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga.

Ya ce, "Matsafi, na iya ɗauka. Mai kallon fim ma zan ɗauka. Amma a ce an buɗe mini ido don in bi layin wani, wannan ba zan iya ba."

Ya mayar da tabarau, ya leƙa waje. Malam yana nan inda aka bar shi, bai san ko ya tashi ko ya zauna ba.

Baba ya ce, "Kai wa maigidanki ruwa. Tun ɗazu yake tsugune a rana."